Duwatsun Illela Da Na Adar: Makarantar Da Ba Ta Da Ɗalibai

Daga Wakilinmu

Duk wanda aka ambata wa Illela, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne kasuwa. Ran Lahadi garin yakan cika ya batse da shanu da raƙuma da tumaki da awaki, waɗanda ake korowa daga Jamhuriyar Nijar, ga fatake daga Kudu sun jera manyan motoci suna jiran lodi, ga 'yan canji, ga kuma ma'aikatan Kwastan da na shige da fice a bakin shinge. Ma'aikacin Gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa can, ko ɗalibin da ya ratsa garin kan hanyarsa ta zuwa Birnin Ƙwanni, da wuya ya ɗaga kai ya dubi abin da ke bayan rumfunan kasuwa. Alhali kuwa ƙasar da garin yake zaune a kanta, tun daga Gwadabawa da Gada har zuwa tuddan Adar da ke ƙetaren iyaka, tana ɗauke da tarihin da ya girmi na kowace masarauta. Masana daga Ingila da Italiya da Faransa sun sha ɗawainiyar zuwa karanta wannan tarihi, mu kuwa da muke kwana muna tashi a kansa ba mu kula ba.

A waɗansu ƙasashe, tafiya a ƙafa cikin duwatsun hamada don kallon halitta abu ne da ake shirya wa guzuri, ana ware masa ranakun hutu. A Jihar Yuta ta ƙasar Amurka akwai wani gandun Gwamnati mai ɗauke da ƙofofin dutse fiye da 2,000, waɗanda ruwa da iska suka huda ba tare da hannun magini ba, kuma mutane fiye da miliyan ɗaya ke ziyartarsa kowace shekara. A Namakwalan ta Afirka ta Kudu kuwa, jama'a kan yi tururuwa cikin watan Agusta da Satumba don ganin yadda busasshen daji ke rikiɗewa ya zama shimfiɗar furanni. To, tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu ita ce, shin mu me Allah Ya ba mu irin wannan, kuma me muka yi da shi?

HANYAR ZUWA

Daga birnin Sakkwato zuwa Illela tafiyar kilomita 85 ce ko kusa da haka, ta Kware da Gwadabawa. Matafiyin da ya zauna kusa da taga zai lura da cewa tuddan wannan yanki suna da wata siffa tasu. Ba su da tsini, ba su kuma yi kama da mulmulallun duwatsun Kwatarkwashi ko na Kufena ba. Kansu a shafe yake kamar faifai, gefensu ya gangaro a hankali, sa'an nan a can bisa akwai wani baƙin ɓawo mai ja-ja da ya rufe su kamar hula. Wannan ɓawo shi ne marmara mai ƙarfe a jikinta. A ƙarƙashinta kuwa laka ce da yashi da farar ƙasa, hawa bisa hawa. Tsakanin tudu da tudu akwai jigawa inda ake noman gero da wake, akwai fako inda ko ciyawa ba ta fita, akwai kuma fadama irin ta Tafkin Kalmalo, wanda ruwansa ke ƙaruwa ko raguwa gwargwadon yadda damina ta yi.

Wannan ƙasa ba baƙuwa ba ce ga mai karanta tarihi. A Maratta, kusa da Galmi cikin Nijar ta yau, aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. A Ɗegel, cikin ƙasar Gwadabawa, ya zauna yana karantarwa har zuwa hijirarsa ta Gudu a watan Fabrairu na 1804. Watau ke nan mutanen farko na jihadi da ƙafa da jaki da raƙumi suka san waɗannan kwaruruka da tuddai, tun babu wata iyaka a tsakaninsu.

Iyakar da muke gani yanzu daga baya ta zo. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka zana wani da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ta Bule da Shanwan ta auka wa Birnin Ƙwanni ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Da Faransawa suka koka cewa ba su da hanya mai ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai aka sake zama a 1904 da 1906, aka jawo layin ya yi kudu, sa'an nan aka bi shi ana kafa turaku daga 1906 zuwa 1908. Ta haka Ƙwanni ta faɗa hannun Faransa. Amma dutse bai san turke ba. Tudun da ya fara a ƙasar Gada shi ne dai ya miƙe arewa ya zama Dutsen Adar, mai manyan kwaruruka irin na Majiya da Badagishiri da Keita.

SA'AD DA TEKU KE SAKKWATO

Mai karatu zai yi mamaki in aka ce masa akwai lokacin da kifayen teku ke iyo a inda kasuwar Illela take. Amma haka masana ilmin ƙasa suka tabbatar. Tsakanin shekaru miliyan 70 da miliyan 55 da suka wuce, wani reshe na teku marar zurfi ya malalo daga arewa, ya ratsa inda Sahara take yanzu, ya mamaye wannan babban kwari da ya haɗa Sakkwato da Tawa da gabashin Mali, ya janye, ya sake dawowa. Kowace shigowa da janyewa ta bar nata hawa na laka ko yashi ko farar ƙasa, kamar yadda kogi ke barin shara a bakin gaɓa bayan ambaliya.

Abin sha'awa shi ne, sunayen da duniya ta san waɗannan hawa-hawa da su sunayen garuruwanmu ne. Ɗalibin ilmin ƙasa a kowace jami'a, in ya zo kan wannan yanki, dole ya haddace Taloka da Dukamaje da Wurno, sa'an nan Dange da Kalambaina da Gamba, daga bisa kuma Gwandu. Farfesa Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin waɗanda suka yi aiki mai yawa a kansu cikin shekarun 1970. Farar ƙasar Kalambaina, wadda ta taru daga ƙwaryar halittun teku, ita ce ta jawo aka kafa masana'antar siminti ta Sakkwato a 1962, wadda ta fara aiki a 1967, yanzu kuma tana hannun kamfanin BUA. Irin wannan farar ƙasa ce kuma ake ƙonawa a masana'antar Malbaza, gabas da Ƙwanni. Wanda ya tsuguna a inda ta fito fili ya duba da kyau zai iya ganin siffar katantanwa da kumba a jikin dutsen.

Ba ƙananan halittu kaɗai tekun ya bari ba. A 1930 wani Baturen Ingila mai suna Swinton ya yi bayanin ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku da aka samo a Lardin Sakkwato. Bayan shekaru kusan 40 wata ƙungiyar masana daga birnin Fulorans na Italiya ta zo ta tono ƙarin ƙasusuwansa a ƙasar Goronyo, a 1972 kuma aka raɗa masa suna Goronyosaurus, watau ƙadangaren Goronyo. A 1975 wani masanin mai suna Halstead ya bayyana wani kada na wancan zamani, ya kira shi Sokotosuchus, ma'ana kadan Sakkwato. Sunayen nan biyu suna cikin littattafan kimiyya a ko'ina cikin duniya. In aka shiga aji shida na makarantar sakandare a Goronyo ko Illela aka tambaya, ɗalibi nawa ne zai ce ya taɓa jin su?

YADDA DUTSE KE YIN ƘOFA

Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun san wani sirri tun da daɗewa, watau in aka lanƙwasa gini ya yi baka, nauyin da ke bisa yakan rabu ya sauka ta ƙafafu biyu, tsakiya ta zauna a buɗe ba ta rufta ba. Shi ne bakan gizon da muke gani a soraye da zaurukan sarakuna da tsofaffin masallatai. Ƙofar dutse ta hamada bisa wannan ƙa'ida take tsayawa, sai dai maginanta ruwa ne da gishiri da rana da iska.

Abin yakan fara ne da dutsen yashi mai kauri, wanda ya tsattsage daga bisa zuwa ƙasa. Ruwan sama yana bin tsagar yana faɗaɗa ta, har dutsen ya rabu ya zama jerin bangaye tsaye. Sa'an nan ruwan da ya tsuma cikin bangon ya riƙa narkar da abin da ya ɗaure ƙwayoyin yashin, musamman a hawan da ya fi taushi. In ruwan ya ƙafe, gishirin da ya bari yakan yi ƙanƙara cikin ƙananan ramuka ya ture ƙwayoyin. Zafin rana ya buɗa dutsen, sanyin dare ya tsuke shi, iska kuma ta share abin da ya zube. Sannu a hankali sai rami ya ɓulla ta ɗaya gefen, ya yi ta faɗi har ya zama ƙofa. Aikin kan ɗauki dubban shekaru, kuma ƙarshensa rushewa ne. A watan Agusta na 2008 ɗaya daga cikin sanannun ƙofofin gandun nan na Yuta ta rufta cikin dare, gari ya waye sai tarin duwatsu.

Tuddan Illela da na Adar ba irin wannan gini ne da su ba. Marmarar da ke kansu tana da ƙarfi, amma abin da ke ƙarƙashinta laka ce mai saurin zaizayewa. Sabo da haka in ruwa ya ci gindin, sai hular ta yi rumfa na ɗan lokaci, inda makiyayi zai fake wa rana ko dila ya yi makwanci, daga nan ta karye ta gangaro cikin manyan ɓaraguzai. Shi ya sa ake ganin baƙaƙen duwatsu warwatse a gefen kowane tudu. Wanda ke son ganin manyan ƙofofi sai ya nausa arewa da gabas, inda dutsen yashi mai kauri yake.

Hanyar kuwa ta Illela take farawa. Daga Ƙwanni a bi ta Tsarnawa zuwa Tawa, daga Tawa kuma tafiyar kilomita 400 ce ko kusa da haka zuwa Agadas, birnin da Shehu ya je neman ilmi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Kudu da Agadas akwai doguwar gangaren Tigidit, inda ake samun itatuwan da suka zama dutse da ƙasusuwan manyan ƙadangarun dā da ake kira dinoso. Arewa da birnin duwatsun Azbin ne, waɗanda ƙololuwarsu a Bagzan ta kai mita 2,022, da lambunan Timiya masu lemo da rumman a tsakiyar duwatsu. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, mutanen dā sun sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya zarce mita 5, shaida ce cewa wurin ya taɓa zama daji mai ruwa da itatuwa. Hukumar UNESCO ta sa gandun Azbin da Tenere cikin jerin kayan gadon duniya a 1991. A can ƙuryar arewa maso gabas ta Nijar, a tudun Jado, akwai ƙofar Orida kusa da kufan tsofaffin birane. A duwatsun Tasili na Aljeriya akwai ƙofofi masu yawa tare da dubban zane-zanen mutanen dā. A Ennedi ta ƙasar Cadi kuwa akwai ƙofar Aloba, wadda tsayinta ya kai mita 120, tana cikin mafiya tsawo a duniya.

FURANNIN DA BA MU KALLO

Turawa suna da wani lokaci bayan sanyin ƙanƙara da furanni ke buɗewa, wanda masu fassara kan kira bazara. Amma bazararmu daban take. A Illela, watan Afrilu da Mayu lokaci ne da zafi ke wuce digiri 40, ƙasa ta yi fari fat, dabbobi su rame. Lokacin furanninmu sai ruwa ya sauka, watau daga Yuni, ya yi ƙarfi cikin marka a watan Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Ruwan da yankin ke samu a yawancin shekaru tsakanin milimita 400 ne da 600, kuma kusan dukansa cikin waɗannan watanni huɗu yake zuba.

Tsiron irin wannan ƙasa yana da dabarar da ta cancanci a tsaya a yi nazarinta. Iri yakan kwanta cikin yashi wata takwas, wani ma shekaru, bai mutu ba bai kuma tsira ba. Waɗansu ire-iren suna da ɓawo mai tauri, waɗansu kuma suna da wani sinadari a jikinsu da ke hana su tsirowa sai ruwa mai yawa ya wanke shi. Ta haka yayyafin farko, wanda ke yaudarar manomi ya yi shuka ta ƙone, ba ya yaudarar dukansu. In ruwan kirki ya samu, sai su fito gaba ɗaya, su yi ganye, su yi fure, su zubar da iri cikin 'yan makonni kafin ƙasa ta sake bushewa.

Wanda ya fita da safe cikin Agusta zai ga tsaida ta shimfiɗu a ƙasa da ƙananan furanni rawaya, kafin ta yi ƙayar da ke hana mai tafiya ba takalmi sakat. Zai ga tafasa da nata rawayan fure, da gasaya mai farin fure a kan dogon wuya, da yoɗo mai fure kamar ƙaramar ƙararrawa ruwan hoda. A damshin kwari albasar kwaɗi kan fito da manyan fararen furanni masu ratsin ja tun farkon damina. A bakin tafki duman rafi ya yaɗu da furanni shunayya, a kan ruwa kuma bado ya buɗe. Cikin gonakin gero akwai wani fure ruwan hoda mai ɗaukar ido wanda baƙo zai so ya tsinka, manomi kuwa in ya gan shi sai ransa ya ɓaci, domin ƙuduji ne, mai kama saiwar gero da dawa yana tsotse su.

Rani ma bai rasa nasa ba. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina sa'ad da kowane itace ke kore, yakan yi sabon ganye da fure in kaka ta shigo. Bagaruwa tana da ƙananan ƙwallaye rawaya masu ƙamshi. Tumfafiya tana fure kusan duk shekara a ƙasar da ta gaji. Kariya kuwa, mai kumburarren gindi, takan fitar da jan fure mai haske a tsakiyar rani lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya, amma a kiyayi ruwan jikinta, domin dafi ne. A bisa marmara geza ce sarauniya, a jigawa sabara, a fako kuma anza, wadda 'ya'yanta, bayan an jiƙa su kwana da kwanaki an zubar da ɗacin, suka riƙe rayuka da yawa a yunwar 1973 da ta 1984. Tsofaffin matan karkara sun san sunan kowane ɗaya da amfaninsa, wanne ne na miya, wanne ne na magani, wanne ne ke kashe akuya. Wannan ilmi bai shiga littafin makaranta ba, kuma kowace tsohuwa da ta rasu da nata kason take tafiya.

ABIN DA KE SALWANTA

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Geza da sabara da ke gefen tudu su ne ke riƙe da ƙasarsa. In aka sare su don itacen girki, aka kuma tumɓuke kututturen, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsayar da shi. Sai ya kwararo da ƙarfi, ya yanka kwazazzabo, ya kwashe ƙasar noma, ya kai yashi ya zuba cikin fadama da tafki. Tudu ya zama fako, fadama ta cike, rijiya ta yi nisa. Haka kuma masu haƙar marmara da tsakuwa don gini da hanya sukan fasa hular tudu ba tare da an duba abin da ke ƙarƙashinta ba. Ƙashin da ya kwanta shekaru miliyan 66 yana jiran mai karanta shi, cikin minti ɗaya tifa za ta kwashe shi a zuba a gindin gini.

Maƙwabtanmu na Adar sun riga mu shan wannan wuya, sun kuma riga mu neman magani. A kwarin Majiya, tun 1975 aka fara dasa dogayen layukan dogon yaro don tare iska, da taimakon ƙungiyar CARE. A Keita, wani babban shiri da aka fara a 1984 da taimakon Gwamnatin Italiya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa aka jera duwatsu a gefen tuddai, aka haƙa ramukan tare ruwa, aka gina madatsai, aka dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin. Akwai kuma wata Illela a Jihar Tawa, takwarar tamu. A 1989 aka kai waɗansu manomanta ziyara Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako a zuba taki a shuka gero a ciki. Da suka dawo suka gwada, abin ya yi kyau, dabarar tassa ta bazu daga ƙauye zuwa ƙauye, har fakon da dā ba mai so ya koma ana sayensa da kuɗi. Gani ya kori ji. Ziyara ɗaya ta manoma ta yi abin da takardun ofis da yawa ba su yi ba.

Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 na bakin hamada da aikin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Ma'aikacin gandun daji da ke son ganin yadda ake farfaɗo da tudun marmara ba ya bukatar jirgin sama. Misalin yana nan tafiyar 'yan sa'o'i daga shingen Illela.

HALIN TSARO DA SHAWARA GA MAI TAFIYA

Ba zai yiwu a yi wannan magana a ɓoye gaskiya ba. Shekarun nan gabashin Jihar Sakkwato ya sha fama da 'yan bindiga. A watan Nuwamba na 2021 an kai hare-hare a ƙauyukan Illela da Goronyo, aka kashe mutane da dama. A watan Nuwamba na 2024 hedkwatar tsaro ta ƙasa ta ba da sanarwar ɓullar ƙungiyar Lakurawa a yankunan kan iyaka. Ita kanta iyakar an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A Azbin ma tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009, da sace-sacen baƙi da suka biyo baya, sun durƙusar da sana'ar jagorancin masu yawon buɗe ido, wadda dā ke ciyar da gidaje da yawa a Agadas. Wannan ma yana cikin asarar da rashin zaman lafiya ke jawowa, ko da yake ba a cika lissafa shi ba.

Sabo da haka duk malamin da ke niyyar fita da ɗalibai, farkon abin da zai yi shi ne ya nemi shawarar hukumomin tsaro da na ƙaramar hukuma. In suka ce a dakata, a dakata, dutse ba ya gudu. In hanya ta samu, a fara da gaida uban ƙasa da hakimin wurin, a roƙi a ba da ɗan gari, makiyayi ko maharbi, wanda ya san kowace hanya da kowace rijiya. Kada a kusanci turakun iyaka, kada kuma a ƙetara sai ta shingen hukuma da cikakkun takardu.

Mai son furanni ya zaɓi ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba. Mai son hawan tudu da duba duwatsu kuwa ya bari sai Disamba ko Janairu, lokacin da ciyawa ta kwanta, rana kuma ta yi sauƙi. A fita bayan sallar asuba, a dawo kafin azahar. Kowa ya riƙe ruwan sha isasshe, da hula, da takalmi rufaffe sabo da ƙarangiya da tsaida. Kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse ko cikin rami, domin nan ne makwancin kunama da kububuwa. Da damina kada a zauna hutawa cikin busasshiyar korama ko da sama tana garau, domin ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya isowa ba sallama. Wanda ya ga ƙashi ko ƙwarya a jikin dutse kada ya ɓamɓare. Ya ɗauki hoto, ya rubuta wurin, ya sanar da jami'a ko Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, domin ƙashin da aka raba da hawan da yake ciki ya rasa rabin labarinsa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Aikin da ke gabanmu ba mai cin kuɗi da yawa ba ne. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari suna da malamai da ɗaliban da za su iya tattara sunayen tsirran wannan yanki daga bakin tsofaffi, da Hausa da Fulatanci, a haɗa da hotuna, a buga ɗan littafi a raba wa makarantu. Ma'aikatar Ilmi tana iya sa labarin tekun Sakkwato da ƙadangaren Goronyo cikin darasin labarin ƙasa. Ƙananan hukumomin Illela da Gada da Gwadabawa da Goronyo suna iya keɓe waɗansu tuddai inda hawa-hawan nan suka fito sarai, a hana haƙa a wurin, a nuna wa masu tifa wani wuri dabam. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, tana iya shirya musayar ziyara tsakanin manoma da ɗaliban ɓangarorin biyu duk lokacin da hali ya yi.

Iyayenmu sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Ba su ce sai an tafi Turai ba. Yaron da aka hau da shi kan tudu aka nuna masa ƙwaryar kumba cikin dutse, aka ce masa nan teku ne dā, ba zai sake kallon ƙasarsu a matsayin ƙauyen da ake gudu ba, kuma in ya girma ya zama injiniya ko shugaban ƙaramar hukuma zai yi tunani kafin ya sa hannu a fasa tudun. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya kawo ranar da malamin makaranta zai fita da ajinsa bayan gari ba tare da fargaba ba, amin.